Kura da Ginshiƙan Kanwa

An yi wata tsohuwar Gafiya mai kaifin baki, tana zaune da danginta a bakin wani busasshen tafki. Tun kaka da kakanni suke haƙar kanwa a ƙarƙashin gidajensu, raƙuma na zuwa su karɓa su ba da gero.

Da labari ya kai fadar Zaki, sai ga Kura, wakiliyar hukuma, wadda in ta ga abu a hannun wani ba ta samun sukuni.

"Albishirinku! Hukuma ta gano kanwa a ƙasarku," in ji Kura.

"Sannu da ƙoƙari, ranki ya daɗe," in ji Gafiya. "Mu da duk mun zaci garin tuwo muke haƙa."

"Ku ci gaba da aiki. Gero kuwa fada za a kai, a adana muku. Dusa taku ce, kyauta."

"Kai, wannan alheri haka! Har da dusa?"

Shekara ta zagayo. 'Ya'yan Gafiya sun rame, Kura kuwa ba ta ganin ƙafafunta don tumbi.

Rannan ta kutsa cikin ramin don duba aiki, sai ta ga ginshiƙan kanwa farare tas a tsaye, ba a taɓa su ba.

"Ɓarayi! Waɗannan wa kuka ɓoye wa?"

"Rabon ƙasa ne," in ji Gafiya. "Duk taku bakwai mukan bar mata ɗaya, su ke riƙe da rufin."

"Ƙasa tana da baki ne? A fada ba mu san wannan shirme ba. A sare!"

"To, mu jahilai bari mu ba masu ilimi wuri."

Gafiya ta kwashe danginta suka fice. Kura ta sa farce da kanta. Ta kayar da na ɗaya, ta kayar da na biyu. A na uku rami ya rufta, ya danne ta, kai kawai ya rage a waje.

"Inna Gafiya! Uwata! Ku tono ni!"

"Yau kuma ni ce Inna?" Gafiya ta gyara zama a gaban hancinta. "Tunda Allah ya sa kin sami natsuwa, mu yi maganar gero. Rabi namu ne, kuma a gabanmu za a auna."

"Sai na tambayi fada!"

"Je ki tambayo, muna nan."

Kafin rana ta take, Kura ta amince, raƙuma suka shaida, sannan aka tono ta.

Darasin wannan labari shi ne, yara, arzikin ƙasa ba a rabonsa a bayan idon waɗanda suka san ta. Hukumar da ta ƙi zama da su cikin mutunci, za ta zauna da su dole.