Muciyar Iya Barira a Gasar Golf

Yaya, jiya na bi ta tasha na ga wata tsohuwa riƙe da ƙulli, tana duba fuskokin matafiya ɗaya bayan ɗaya. Na san wanda take nema. Na sunkuyar da kai na wuce. Kai da ka ƙetare iyakoki ba adadi, a kan tabarmar Inna zazzaɓi ya zo ya ɗauke ka. Ba ka son kuka a gaban mutane, don haka yau dariya zan ba su.

'Yan uwa mabiya wannan shafi, ku matso kusa.

Akwai wani mutum a Birni, cikin Damagaram, ana ce masa Mai Nasara. Shi ne yayan nan nawa. Sana'arsa kadi. Wato shi ke ɗaukar jakar sanduna ga mai wasan golf, wasan nan da ake dukan 'yar ƙwallo fara, a yi ta bin ta har ta faɗa rami. Shi zai goge sanda, ya duba iska, ya ce wacce za a ɗauka. In an tambayi uwarsa aikin ɗanta, sai ta ce, "Dako yake yi wa wani yaro mai wurgar da ƙwai yana nema."

Yaron nan shi ne Abdul'aziz, patron ɗinsa, wato maigidansa. Haifaffen Damagaram ne amma girman Yamai, yana da hannu, yana kuma da zafin kai. Da wasan yake ci yake sha, Mai Nasara kuma da shi yake ci yake sha.

Gasa ta kai su Wagadugu, ta kai su Kano, Kwatano, Abijan. Tafiyar kar ce, babbar motar fasinja, a kwana zaune a wuni zaune, jaka tsakanin ƙafafun Mai Nasara, don bai yarda a ɗaure ta bisa mota tare da buhunan albasa ba. Kowace iyaka sai 'yan duwan, wato kwastan, sun buɗe ta suna tambaya ko kayan yaƙi ne.

Aibin Mai Nasara ɗaya ne: bakinsa bai iya cewa a'a ba.

Kun san halinmu. Da an ji za ka yi tafiya, ka zama gidan waya. Wannan ta kawo kuka, wancan ya kawo kilishi, wani maganin basir zai aika wa ƙanensa. Jakar golf kuwa Allah ya yi ta da aljihuna. Sai Mai Nasara ya cusa nan, ya danna can.

A Abijan ƙullin daddawa ya fashe a kan safar hannun patron. Ranar karnukan masu gadi ne suka raka su daga ramin farko har na ƙarshe.

Abdul'aziz ya ce, "Mai Nasara, ka saurare ni da kyau. Na sake ganin ko tsinke na wani a jakata, aikinka ya ƙare."

"Na ji, patron. Wallahi na tuba."

Kuma ya tuba ɗin. Da gasar Lome ta zo, ya mayar da ƙulli-ƙullin mutane yana ba da haƙuri, zuciyarsa na ciwo. Yana shirin fita sai ga maƙwabciyarsu Iya Barira, tana dogara bango.

"Ɗan nan, an ce Lome za ka."

"Lome za ni, Iya, amma wannan karon an hana ni ɗaukar kaya."

"To ai ba kaya ba ne. Muciya ce."

Ta zaro ta daga bayan zane. Doguwa, baƙa wul don tsufa, wurin riƙo ya yi santsi kamar an shafa mai.

"'Yata Delu za ka kai wa, a zongo. Ta ce muciyoyin can kamar tsinken sakace suke. Da wannan aka tuƙa tuwon sunanta. Ni hannuna ya ƙi, ba zan ƙara tuƙi ba. Gara ta riƙe tun ina da rai."

Mai Nasara ya dubi muciya, ya dubi tsohuwa. Bakin nan nasa ya sake cin amanarsa.

"Kawo, Iya."

Ya gwada ta a 'yar jakar tufafinsa, ta ƙi shiga. Sai ya soka ta cikin sandunan patron, ya ɗauko hular da ake rufe kan babbar sanda ya kifa mata. Ya ce a ransa, muna sauka zan kai ta, wa zai sani?

Allah da ikonsa, kar ta lalace a hanya. Ba su shiga Lome ba sai da safiyar gasa. Daga tasha sai fili, ko wanka ba su yi ba.

Ranar kuwa hannun Abdul'aziz ya faɗa. Duk abin da ya daka sai ya tafi inda aka aike shi. Har suka zo wani rami mai nisa, inda 'yan kallo da masu hoto suka taru.

Abdul'aziz ya ce, "Ba ni babba."

Idon Mai Nasara na kan ganyen kwakwa yana karanta iska. Ya miƙa hannu baya, ya zaro, ya cire hula, ya miƙa. Patron ma idonsa na can nesa. Ya karɓa, ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafafu, ya murɗa ƙugu. Sannan ya sunkuya.

Ga muciya. Har da busasshen tuwo a bakinta.

Abokin karawarsa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Alƙalin wasa ya iso da sauri, domin a dokar golf sanda goma sha huɗu ake yarda da ita a jaka, wanda ya ƙara ɗaya a hukunta shi. Ya ƙirga, ya dubi muciya, ya kira wani alƙalin. Suka juya ta, suka auna ta, ɗaya har ya gwada lilo da ita.

Mai Nasara ya ga Faransancinsa ya ƙare. Sai ya durƙusa a tsakiyar fili, ya tokare tukunyar da babu ita da ƙafa, ya shiga tuƙi, yana juyawa yana murzawa, har da fifita wuta.

Alƙalai suka yanke cewa ba sanda ba ce. Babu hukunci. Amma wayoyi sun riga sun ɗauka, kuma daga nan hannun Abdul'aziz ya mutu. Ƙwallo ta shiga ruwa, ta shiga daji, ta shiga inda ko akuya ba ta shiga.

Da aka tashi bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Mai Nasara ke nan.

"Ajiye jakata. Gobe zan ɗauki kadi ɗan nan garin."

"Patron, don Allah..."

"Ka ɗauki sandarka ka tafi."

Haka Mai Nasara ya fito, muciya a kafaɗa. Aikin da ya ci ƙuruciyarsa ya tafi, kafaɗar da jaka ta karkatar ba ta san wata sana'a ba, ga iyali a Birni suna jiran a turo. Ya tsaya bakin titi, ya ce tunda dai an kore ni dominta, ai sai ta isa.

Ya sami Delu a zongo tana sayar da abinci. Da ta ga muciya sai ta saki ludayi. Ta riƙe ta daidai inda hannun uwarta ya sassaƙe, ta kai hanci ta shaƙa. Hayaƙin murhun gidansu na nan a jikinta. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta zuba masa tuwo.

Bai faɗi abin da ya same shi ba. Amma hotonsa yana tuƙin iska ya riga shi isowa zongo. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen Baba Modu, Babarbare mai turare, dattijon Damagarawan wurin.

"Wushe, wushe, Mai Nasara. An ce an kore ka saboda mu."

"Ƙaddara ce, Baba."

Baba Modu ya juya ga jama'a. "A cikinku wa bai taɓa karɓar saƙo a hannun mutumin nan ba?"

Mai shayi ya sunkuyar da kai, mai gyaran takalmi ya sosa ƙeya.

"To gobe biko za mu."

"Baba, ai ba aure ba ne."

"Duk abin da fushi ya raba, biko ake yi masa."

Washegari mai gadin ƙofar filin, Lawali ɗan Droum ta ƙasar Damagaram, ya hango manyan riguna suna tahowa, mata a baya da tabarmi da ƙwaryar fura. Shi kansa ta hannun Mai Nasara maganin uwarsa ke zuwa gida. Ya buɗe ƙofa har ƙarshe, ya sara musu.

Mai Nasara na biye yana roƙo. "Don girman Allah ku koma, wurin nan ba a magana!" Da ya ga ba mai jin sa, ya ɓuya bayan bishiya.

Abdul'aziz ya ɗaga sanda ke nan, fili tsit, sai muryoyi suka tashi gaba ɗaya.

"Salamu alaikum!"

Ƙwallo ta yi gabas, ramin yana yamma.

Baba Modu ya matso da hannu biyu. "Ina kwana, ɗana? Ina gajiya? Ya baƙunta? Ya mutan gida?"

"Pardon, Baba, ina cikin wasa!"

"Yi wasanka, ba mu da gaggawa. Biko muka zo. Mai biko ba ya tafiya sai an ce an haƙura."

Abdul'aziz ya yi gaba, suka bi shi. Suka iske lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, wadda ake lallaɓawa kamar jariri, suka ce masha Allah, suka shimfiɗa tabarmi. Sabon kadi ba ya jin Hausa. Ya ɗaga hannu a yi shiru, suka ɗaga masa nasu suna "Yauwa, sannu kadai!"

Ƙwallo ta faɗa cikin rairayi. Wani tsoho ɗan Dakusa ya tattare riga, ya ruga, ya ɗauko ta, ya goge da hularsa, ya kawo har hannu.

"Ungo, yaro. Ka daina wurga ta nesa, kai ne da wahala."

Da ƙyar da jiɓin goshi Abdul'aziz ya jefa ta rami. Sai mata suka ɗauki salati.

"Wayyo, ta faɗa!"

"Allah ya mayar maka da alheri, ɗan nan. Kar ka sa a ranka."

Alƙalin jiya ya zo, jijiyar wuyansa a tashe. Ya ce wa Abdul'aziz, in mutanenka ne ka sa su shiru, in ba naka ba ne yanzu a kira jandarma su fitar da su.

Kalma ɗaya ta rage masa ya huta. Ya buɗe baki, sai Baba Modu ya ƙura masa ido.

"Tsaya. Kai ba jikan Bashir baduku ba ne, na bayan masallaci? Ga goshin nan! Ai shi ya ɗinka mini jakar da na fito da ita daga gida."

Abdul'aziz ya dubi furfurar tsoho. Ya hango hannun jandarma a wuyan rigar nan. Ya haɗiye abin da ya yi niyya, ya ce wa alƙali, "Nawa ne."

Sannan ya juya wajen bishiyar da rabin tumbin wani ke leƙowa.

"Mai Nasara!"

"Na'am, patron."

"Zo ka ɗauki jakarka."

Sabon kadi ya sauke ta tun kafin a ce masa, ya yi godiya ga Allah da yarensu.

Baba Modu ya ce, "An haƙura ke nan?"

"Na haƙura, Baba."

"Na baya ba su ji ba."

"Na haƙura!"

Aka shafa fatiha, Delu ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsayen filin duka.

Mai Nasara ya rataya jaka, kafaɗarsa ta koma mazauninta. Ya fuskanci jama'a.

"Ku ji. In na ɗaga hannu, liman ya hau huɗuba, ko tari ban yarda ba. Wanda ya taɓa ƙwallo ya taɓa amanar Allah. In ta faɗa rami kuwa, ba hasara ba ce, abin da muka baro gida nema ke nan."

"Ashe!" in ji tsohon Dakusa. "To me ya sa ba ya tsayawa kusa?"

A rami na gaba Mai Nasara ya ɗaga hannu. Aka yi shirun da filin nan bai taɓa ji ba, har ana jin numfashin teku daga nesa. Abdul'aziz ya taɓa ƙwallo. Ta gangara a hankali, ta yi kamar za ta tsaya, ta leƙa bakin rami kamar mai sallama, ta faɗa.

Kabbara ta tashi. Yaron da ya yi shekaru yana wasa a ƙasashen mutane, ba mai kiran sunansa sai alƙali, ya ji ana "Namu! Namu!" Ya ja hula ya rufe ido, wai gumi yake sharewa.

Bai ci kofi ba, kar in yi muku ƙarya. Amma da yamma, Mai Nasara na goge sanduna, patron ya zo ya tsaya kansa yana kame-kame.

"Mutanen nan... gobe ma za su zo?"

"In ka so, patron."

"Ka ce su zo. Amma tsohon nan na Dakusa, a samu mai riƙe masa riga."

Darasi: Ɗan ƙullin da ka kai wa wani ba a hannunsa yake ƙarewa ba. Ranar da ƙafarka ta zame a inda ba ka da kowa, shi zai tashi ya zama mutane ya tsaya maka. Kai kuma mai sama, kar kunyar yini ɗaya ta sa ka yar da wanda ya daɗe yana ɗaukar nauyinka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman matafiyin da bai taɓa mayar muku da saƙo ba, tun yana jin godiyarku.

Yaya, wayarka na hannuna. Abokan hanyarka, kadi na Wagadugu da na Abijan, suna ta turo murya, wai sun kama maka wuri kusa da taga a kar. Ina saurare in kashe. Ban faɗa wa ko ɗayansu rasuwarka ba tukuna.