Bargon Mehitable da jami'in kwastan

Akwai wata tsohuwa a garinmu Southold, zamanin da Ingila ke mulkinmu, sunanta Mehitable Tuthill. 'Yarta tilo, Keziah, tana aure a New London, tsallaken ruwa.

Ana tsakiyar sanyi labari ya zo cewa Keziah ta haifi bakwaini. Tsohuwa ta zauna ta saƙa bargo da ulun tumakinta. Ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, sai ta dogara sanda zuwa bakin ruwa, ta miƙa wa Barnabas mai jirgi bargon ya kai wa Keziah.

Barnabas ya ja da baya. "Iya, so kike a ƙwace min jirgi?"

Lokacin doka ta hana a yi lodin ulu daga wani lardi zuwa wani, don kowa ya sayi na Ingila dole. New London kuwa wani lardin ne.

Suna cikin haka sai ga Obadiah Conklin, jami'in kwastan, wanda kowa ke shakka. Ya karɓi bargon ya jujjuya.

"Na wane ne?"

"Na jikana," in ji tsohuwa. "Ban ma gan shi ba. An ce bai fi tafin hannunka ba."

Obadiah ya dubi Barnabas. "Kai, ƙato da kai kana rawar ɗari? Sunkuyo." Ya naɗa masa bargon a wuya. "Lodi doka ta hana. Ba ta ce mai jirgi ya mutu da sanyi ba."

"Ranka ya daɗe, ai ni zufa nake yi."

"To ka yi ta yi har New London."

Wani ya kai ƙara, aka kori Obadiah daga aiki. Bai yi musu ba. Barnabas ya ɗauke shi suna kamun kifi tare.

Da sanyi ya wuce, Keziah ta zo ganin gida da yaron, ya yi ɓul-ɓul. Tun kafin ta isa wurin uwarta ta tsaya inda Obadiah ke ɗinkin komar kamun kifi, ta ɗora masa yaron a cinya.

"Baba, riƙe takwaranka."

Sai ya goge hannunsa a riga, ya rungume yaron.

Darasi: Idan Allah ya ba ka iko kan mai rauni, ka nema masa sauƙi ko da za ka yi asara. Ku tura wa duk wani mai riƙe da muƙami da kuka sani.