Mutumin da Ya Buɗe wa Rumbun Baƙo Ƙofa

A wani ƙauye a gindin dutse akwai wani mutum, manomi, wanda yake da kwamfuta. Yayarsa ce ta ba shi. Ita tana aikin kula da na'urori a birni, ita ce kuma ta shirya masa kwamfutar, ta koya masa yadda ake aiki da ita. Mutumin nan mai tsari ne. Yana lulluɓe na'urar da zane, ba ya yarda a ajiye kofin ruwa kusa da ita, ƙofar ɗakin kuwa kwaɗo biyu yake sa mata.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa, sunanta Afiniki. Ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka san waƙoƙin da masu bi na farko suka tsara da harshen ƙauyen, tun kafin littafin waƙoƙi ya iso wurinsu. Ba a taɓa rubuta waƙoƙin ba. Matasa sun san amshi, ba su san baitoci ba. Sai dattawan ikkilisiya suka ce wa mutumin ya ɗauki muryarta ya adana, tun tana da rai.

Ya yi ta zuwa gidanta duk tsawon rani da 'yar na'urar ɗaukar murya. Ita kuwa takan yi masa wasan jika. In ta hango shi sai ta ce, "Ga angona ya zo hannu wofi. Wane irin miji ne wannan, ba goro, ba sabulu, sai dai ya kwashe mini murya?" Daga nan ta gyara zama, ta yi tari, ta fara rerawa. In ya koma gida yakan juye waƙoƙin a kwamfuta, ya goge katin na'urar domin gobe, gama katin ƙarami ne.

Abu ɗaya ya dame shi. Akwai injin niƙa a bayan gidan Afiniki, ƙararsa kuwa ta shiga kusan kowace waƙa.

To, kwamfuta ba ta yin kome sai da manhaja, manhajoji kuma daga rumbu ake saukar da su ta intanet. Yayarsa ta haɗa na'urar da babban rumbu, inda mutane da yawa suke gwada kowace manhaja kafin a sa ta. Mutumin ya ji labarin wata manhaja mai cire ƙara daga murya, ya neme ta a babban rumbu, bai samu ba. A rumbun wani baƙo take. Sai ya kira yayarsa a waya.

Ta ce, "Auta, ka bar waƙoƙin nan yadda suke. A ƙauye ta rera su, ba a gidan rediyo ba."

Ya ce, "Yaya, ba ki ji ƙarar ba ne. Kamar tsohuwar tana zaune a kan injin."

"Wane ne mai rumbun?"

"Wani ne a ƙasar waje. Kowa na yabonsa."

"Ka san shi?"

"Ke kin san masu babban rumbun ne?"

"Ban san su ba. Amma su suna da yawa, wannan yana duba aikin wancan. Naka shi kaɗai ne, ba mai duba shi." Sa'an nan ta ce, "Ban hana ka ba. Amma ka saurara. Na'urar nan halinta irin naka ne, duk abin da aka ce mata sabo ne, shi take so. In ta ga manhaja mai suna ɗaya a rumbu biyu, wadda lambarta ta fi girma take ɗauka, ba ta tambaya wa ya ajiye ta. In ka buɗe wa baƙon nan ƙofa haka kawai, ba manhajar cire ƙara kaɗai za ta shigo ba. Duk abin da ya ajiye mai babbar lamba zai shigo ya zauna a wurin na gida. Saboda haka sai ka kafa mata iyaka. Ka rubuta mata cewa daga wannan rumbu abu ɗaya kaɗai za ta karɓa, sauran ko sun fi sabunta kada ta taɓa. 'Yan layuka ne. Zan aiko maka yanzu."

Ya ce, "To, Yaya. In na dawo daga sharar gona zan sa."

Ta aiko. Shi kuwa bai iya jira ba, ya fara buɗe ƙofar, ya sauke manhajar, ya gwada ta a kan waƙa ɗaya. Ƙarar injin ta ɓace. Muryar Afiniki ta fito sarai, har ana jin inda take jan numfashi. Mutumin ya zauna ya yi ta saurare har rana ta yi tsaka, bai je gonar ba ma. Ya duba na'urar, ba abin da ya lalace. Sai ya ce a ransa, iyakar nan za ta iya jira zuwa gobe. Kafin ruwan fari ya sauka ya gama tsabtace waƙoƙin duka, ya ajiye gyararru kusa da na asali.

Damina ta kankama, aikin gona ya ɗauke shi. Amma bai bar al'adar da yayarsa ta koya masa ba. Kowace Asabar yakan yaye zanen, ya kunna na'urar, ya ce mata ta sabunta manhajojinta. Ita kuma takan jero masa abubuwan da za ta canja, dogon rubutu da Turanci, ta tambaye shi ko ya yarda. Yakan danna cewa ya yarda. Daga nan ya jona faifai na biyu, wanda yake ajiye kwafin kome a ciki, ya bar manhajar kwafi ta daidaita shi da faifan cikin kwamfutar. Bai taɓa tsallake Asabar ba.

Baƙon nan mai rumbu ba mugu ba ne. Bai ma san akwai wannan manomi a duniya ba. Sai dai rumbunsa shi ne kuma wurin gwaje-gwajensa. Wata rana ya ɗauki manhajar kwafi irin ta babban rumbu, ya warware ta yana so ya ƙara mata sauri, bai gama ba, ya sa mata babbar lamba domin tasa na'urar ta ɗauka ya gwada. Da Asabar ta zo, na'urar manomin ta ga lambar, ta jero ta a cikin sauran, ta tambaya. Ya danna cewa ya yarda. Manhajar ta sake rubuta abin da ke cikin faifai biyun, ta rubuta shi a hargitse. Sunayen waƙoƙin suna nan a jere, girmansu bai canja ba. Ba abin da ya yi ƙara, ba abin da ya yi hayaƙi.

A tsakiyar damina Afiniki ta rasu. Mutumin yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Bayan haka bai buɗe waƙoƙin ba, domin bai shirya jin muryarta ba tukuna. Yakan dai dubi sunayensu a allo kowace Asabar, ya ga suna nan, hankalinsa ya kwanta.

Dattawa suka sa ranar godiya ta kaka a ji waƙoƙin. Aka aika wa 'ya'yanta da jikokinta da ke garuruwa, suka zo. Majami'a ta cika, dammunan dawa da buhunan masara a gaban bagade. Mutumin ya jona lasifika, ya danna waƙa ta fari. Abin da ya fito shi ne shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Ya danna ta biyu, haka. Ya gudu gida ya ɗauko faifai na biyu, ya jona. Haka.

Sai 'yar Afiniki ta fari, Saraya, ta tashi daga cikin mata ta ce, "Malam, in gyaran ne bai yi ba, ba kome. Sa mana na farkon, mai ƙarar injin. Mu mun saba da injin nan, da shi muka girma."

Ya danna na asalin. Su ma shuuu.

Yayarsa ta zo daga birni, ta yi kwanaki a kan na'urar, ta tafi da faifai biyun wurin waɗanda suka fi ta sani, ta dawo da su. Ta ce, "Auta, layukan nan da na aiko maka, ka sa su?" Ya ce bai sa ba. Ba ta yi masa ba'a irin wadda ta saba ba. Ta nuna masa allo kawai. Manhajoji masu yawa da yake tsammani na gida ne, ashe tun watanni na baƙo ne, da sunayen na gida.

Abin da ya tsira ɗan guntun gwaji ne da ya taɓa ɗauka da wayarsa a rana ta fari. A ciki Afiniki tana cewa, "Ango, an fara ne? Kore mini kazar nan tukuna." Sai injin niƙa ya tashi, guntun ya ƙare. Saraya ta roƙa a tura mata shi, aka tura.

Manhajar cire ƙara kuwa tana nan a na'urar har yau, lafiyarta ƙalau. Ba abin da ya rage da za ta tsabtace.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa.

Na'urar ita ce zuciyar mutum. Waƙoƙin su ne bangaskiyar da aka danƙa mana, wadda ba mu muka ƙirƙira ba, wadda kuma waɗanda ke bayanmu suke jira su karɓa daga hannunmu. Babban rumbu shi ne Maganar Allah, da taron masu bi inda ake gwada koyarwa a fili, wannan yana duba wancan. Rumbun baƙo shi ne kowace murya da muke ji ba mai duba ta: mai wa'azi a waya, abokin da ya iya magana, wani da ya taɓa taimakonmu a ranar wahala.

Ku lura da kyau, abin da mutumin ya ɗauko daga wurin baƙon mai kyau ne, ya kuma yi aikin da aka ce zai yi. Ba na ce muku kada ku koyi kome a waje ba. Wani zai koya maka yadda ake renon kaji, wani ya koya maka yadda ake magana da yaro mai taurin kai, ka karɓa da godiya. Kuskuren mutumin shi ne, ya je neman abu ɗaya, ya bar ƙofa a buɗe ga kome. Haka muke yi. Mutum ya faɗa mana gaskiya a kan abu ɗaya, sai mu miƙa masa aurenmu, da addu'armu, da ra'ayinmu a kan maƙwabta, ba mu taɓa zama mun ce, daga wurin wannan abu kaza zan karɓa, sauran sai na gwada.

Babbar lamba ita ce son sabon abu. Zuciya ba ta tambaya wa ya faɗa, ko an gwada. In an ce mata wannan fahimta ce ta yanzu, waccan ta tsofaffi ce, ta riga ta zaɓa.

Ku lura kuma, mutumin ba rago ba ne. Da rago ne, da bai kunna na'urar ba duk damina, da waƙoƙin suna nan. Himmarsa ce ta ɗauko ɓarnar ta kai ta faifai biyun, Asabar bayan Asabar. Ana tambayarsa ko ya yarda, yana cewa ya yarda, bai karanta ba. Akwai masu zuwa sujada kowace Lahadi, masu cewa amin ga duk abin da aka faɗa da ƙarfi. Sunayen suna nan a bakinsu, addu'a, gafara, ƙauna. Amma abin da ke ciki an canja shi tun daɗewa, ba su sani ba, domin ba su buɗe sun saurara ba. Addu'a ta zama ciniki. Gafara ta zama ta 'yan gidanmu kaɗai. Ba a gane wannan sai ranar da ɗanka ya tsaya a gabanka ya ce, Baba, ba ni abin da aka ba ka.

Ku da kuke da kwamfuta da waya, ku ɗauki misalin a zahirinsa ma. In kun haɗa na'ura da rumbun da ba na gida ba, ku kafa iyakar tun kafin ku sauke abu na fari, ku kuma karanta abin da ake tambayarku kafin ku yarda.

Na daɗe ina koyar da wannan aji, na san yadda za a yi. Za ku ce misalin ya yi kyau, za ku tuna da wani da ya dace da shi, ba kanku ba. Iyakar kuwa za ku sa ta in kun dawo daga gona. Ba don kuna da mugun nufi ba, sai don yau ba abin da ya lalace.

Allah mai gafara ne, ba na shakka ya gafarta wa mutumin nan. Saraya ma ta yafe masa tun a ranar. Amma gafara ba ta komo da waƙa ko ɗaya ba. A ƙauyen nan har yanzu in an zo ranar godiya, matasa sukan rera amshi, su kai inda baiti ya kamata ya shiga, su yi shiru, su sake komawa amshi.