Kura da Doguwar Gora

Ga ta nan, ga ta nanku. Ban ji amsa ba!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku gyara zama, ba na maimaita magana.

An yi wani Kurege da ya haɗa gonar gyaɗa da Kura. Da damina ta kankama, sai suka ce su kafa bukka a gonar, su sami wurin fakewa. Kurege ya haƙa rami biyu, ya saro gora biyu, ya gwada su kai da kai, tsawonsu ɗaya. Ya kafa su, ya haɗa kawunansu a sama ya ɗaure, ya yafa zana.

Ya ce, “Yaya Kura, ga kusurwarki gindin gorarki, ga tawa gindin tawa. Tunda gorar ɗaya ce da ɗaya, kusurwar ma ɗaya ce da ɗaya. Ba wanda ya cuci wani.”

Kura ta leƙa nan, ta leƙa can, ta ga gaskiya ne. Ranta ya ɓaci.

Ta ce, “Ni da kai daidai? Kai da ba ka kai loma guda ba? Saro mini wadda ta fi taka!”

Kurege ya san abin da zai biyo baya, amma ya dubi haƙoranta ya ce, “An gama, ranki ya daɗe.”

Ya saro doguwa ya sa a raminta. Da aka haɗa kawunan, sai doguwar ta kwanto, gajerar ta miƙe. Kusurwar Kura ta tsuke, ta Kurege ta buɗe. Da la’asar ruwa ya sauko. Kurege ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa, Kura kuwa ta cusa gindi a lungu, bayanta na gugar zana.

Ta ce, “Kai Kurege, me ya matse ni haka?”

Ya ce, “Girma ne, Yaya. Kin ƙara ƙiba.”

Ta ce, “Ƙarya kake! Gorar ce ba ta isa ba. Saro wadda ta fi!”

“An gama, ranki ya daɗe.”

Ya jawo wata zanƙaleliya. Da ya kafa ta, gorar ta ƙara kwantawa, lungun ya ƙara tsukewa. Ran nan a durƙushe Kura ta yini, ruwa na bin gora yana ɗiga mata a kunne.

Kurege ya ce, “Yaya, ko mu koma masu tsawo ɗaya?”

Ta ce, “In mutu! Tunda babu wadda ta fi wannan, rage taka!”

Ya rage tasa. Lungun Kura ya zama ko akuya ba ta shiga. Amma Kura ta rantse kusurwar mai doguwar gora ita ce ta manya. Ta shiga da baya, ta danna, ta danna, har ƙugunta ya yi ƙara, ƙas!

Kurege ya ce, “Lafiya, Yaya?”

Ta ce, “Daɗi ne.”

Haka ta ƙare daminar, gaba a sama, gindi a ƙasa. Da kaka ta yi, ta fito za ta miƙe, baya ya ƙi. Shi ya sa har yau in kun hangi kura, za ku ga kafaɗa a tsaye, ƙugu a zube.

Saboda haka in na raba muku tuwo daidai, kowa ya ci nasa ya yi shiru. Wanda ya leƙa kwanon ɗan’uwansa, da ni yake.

Ƙurunƙus kan gafiya. A tashi a kwanta.