Yaɓe Goma Sha Tara

To, ku gyara zama. Kai kuma Lawwali kife wayar nan, don in na gama sai kun yanke mini hukunci, kuma na san halinku, har a kira magariba bakinku ba zai zo ɗaya ba.

A wata unguwa a Funtuwa an yi wata mata, Tabawa, mai tuyar ƙuli-ƙuli, da mijinta Malam Sambo. Ɗakin ƙasa guda suke ciki da ɗan tsakar gida, a gidan wani attajirin hatsi, Alhaji Maiwada. Ranar da za su tare, a zaure aka yi maganar, a kan tabarma. Alhaji ya ce ba ya son ko kwabo. Abin da yake so, kowace shekara kafin ruwa ya sauka su yi wa gidan yaɓe gaba ɗaya, har ɗakunan da yake ajiye buhunansa, wannan ita ce hayarsu. Aka shafa fatiha aka tashi. Wani ya ja Malam Sambo gefe ya ce ya nemi takarda, ya ce subhanallahi, ya dubi tsabar idon mutum kamar Alhaji ya ce masa rubuta? Ai ya kira shi maƙaryaci ke nan. Ku riƙe wannan kunyar, don ita ta kusa kwantar da su a titi.

Shekara goma sha tara ba a tsallake yaɓe ko sau ɗaya ba. Ko da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam Sambo, Tabawa ba ta bari an fasa ba, da gumin tuyarta take biyan magini. Sai Alhaji ya rasu. Gidan ya faɗa rabon ɗansa Nafi'u, shi kuwa shaguna yake gani a wurin, ba mutane ba. Ya zo da bazara, ana wannan zafin da ke hana numfashi, ya tsaya daga bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba.

"Inna, kwana bakwai na ba ku."

Tabawa ta nuna masa gadon da mijinta ke kwance. "Nafi'u, a bayana ka sha yin barci. Ina zan kai wannan bawan Allah?"

"Kuna da takarda?" Ta ce babu. Ya ce, "To, ba haya kuke ba. Alfarma Baba ya yi muku, alfarmar kuma ta bi shi."

Wallahi kwanakin nan bakwai Tabawa ba ta zauna ba. Ta yi yawon neman ɗaki har ƙafarta ta kumbura. Wannan ya ce ba ya son hayaƙin tuya, wancan ya ce ba ya son a kawo masa majinyaci ya mutu masa a gida. Kullum da la'asar hadari na haɗuwa a gabas yana washewa, ita kuma tana ɗaga kai tana dubansa, ta koma ɗaki ta ce wa Malam Sambo komai lafiya. Shi bakinsa ya karkace, magana da ƙyar, amma kunnensa ras yake, ya san ba lafiya ba. Rana ta takwas da hantsi sai ga leburori huɗu da diga.

A nan mutum na farko ya shigo. Akwai maƙwabciyarsu Ladiyo mai koko, wadda duk unguwa ake kaucewa saboda bakinta, kuma ita ma a wani gidan Nafi'un take haya. Da ta ga leburori da diga sai ta jawo turminta ta kife shi a ƙofar ɗakin Tabawa, ta hau ta zauna, ta ce duk wanda uwarsa ta haifa ya fara saukar da digar a kanta. Nafi'u ya zo ya ce ta tuna a gidan wa take kwana. Ta ce ta tuna, in ya gama da nan ya wuce can, tana nan dai. Leburori suka dubi juna, ba mai son a ce shi ya taɓa tsohuwa. Kwana biyu tana kan turmin nan, nan ake kawo mata ruwan alwala, kokonta ya yi tsami a tukunya ba ta sayar ba. Ba a cire ko hoge ɗaya daga bangon ba.

Amma turmi ba ya tsare gida har abada, Nafi'u ya riga ya aika a kawo masa waɗansu leburorin da ba su san kunyar unguwa ba. Mutum na biyu shi ne Malam Isyaku, tsohon masinjan kotu da ya yi ritaya, gwiwarsa ɗaya ta lalace. Duk unguwar shi kaɗai ya san abin da kowa ya jahilta: alkawarin baki ma alkawari ne, kuma mai gida ba ya fitar da ɗan haya da hannunsa, sai da wa'adi da izinin alƙali. Tabawa kanta ta ɗauka wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana. Malam Isyaku ya rubuta mata ƙara da hannunsa, ya hau tsohon kekensa da gwiwar nan. Ranar farko aka ce alƙali ba ya nan. Ya koma washegari tun da sassafe ya kasa ya tsare, har ya samo takardar dakatarwa. Ya iso unguwa jiƙe da gumi daidai lokacin da sababbin leburori ke sauka daga mota, bayan wannan kuma wata guda ya yi bai taka ƙafar ba.

Saura kuma a tabbatar haya ce ba alfarma ba. Waɗanda suka zauna a zauren nan duk sun riga mu gidan gaskiya, sai Malam Sambo da magana ta yi wa wuya. Alƙali ya ce in ba shaida, ba abin da zai iya yi. Mutum na uku shi ne Ɗanbaba magini, wanda tun shekarar farko shi ke yaɓen, kuma shi Nafi'u ya riga ya yi wa alkawarin ginin shagunan, aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Ya yi kwanaki yana kauce wa hanyar gidan Tabawa. Ranar da alƙali ya zo ganin wurin, sai ga shi da cokalin gininsa. Ya je ƙarƙashin indararo, gefen da ruwa ba ya duka, ya yanka bangon a hankali, sai ga yaɓe bisa yaɓe kamar shafukan littafi. Ya riƙa nunawa: wannan jar ƙasar shekarar da kududdufi ya ƙafe ce, wannan baƙar shekarar da Malam ya kwanta. Aka ƙirga goma sha tara cif. Ya rantse cewa duk shekara in ya gama, Alhaji kan zo ya shafa bangon da tafinsa ya ce, "Madalla, hayar bana ta shiga." Nafi'u bai sake yi masa magana ba, aikin shaguna kuma aka ba wani.

Alƙali ya yanke cewa Tabawa 'yar haya ce ta shekara-shekara, a ba ta wa'adin wata shida cikakku, kada wanda ya taɓa bangon kafin nan. Kada ku ce an ba ta gidan, ba a ba ta ba. Damina ɗaya aka ba ta. Kwana uku bayan hukuncin ruwan farko ya sauka, suna ciki, rufi a kansu.

A tsakiyar daminar nan Malam Sambo ya cika, a kan gadonsa, a ɗakin da ya shekara goma sha tara. Kafin ya cika ya yi ta nuna gafakar da ke rataye a bango, wadda Alƙur'ani rubutun hannun mahaifinsa ke ciki, iyakar abin da ya mallaka mai daraja. Tabawa ta kai kunnenta bakinsa, ya ce, "A ba wanda ya bar ni na mutu a ɗakina." Bai faɗi suna ba.

Yanzu ga Tabawa ta ɗaure kayanta, wa'adi ya kusa cika, ga gafaka a cinyarta, ta rasa ƙofar da za ta nufa. Ba don Ladiyo ba, da takardar ta iso ta tarar da kufai. Ba don Malam Isyaku ba, da an ɗauke Ladiyo da turminta, ba kuma wanda zai kai maganar gaban alƙali. Ba don Ɗanbaba ba, da alƙali ya ce alfarma ce, a fita. Alƙur'ani kuwa ba a raba shi uku, wasiyyar mamaci kuma ba a ajiye ta.

To, jama'a, Lawwali har da kai, a cikin ukun nan wa Tabawa za ta miƙa wa gafakar?