Ayu da Sheƙar Zalɓe

Dalilin da ya sa ayu ba ya nuna wa kowa fuskarsa sai ɗan hancinsa, shi zan gaya muku tunda kun tambaya. Ku dai zauna sosai, kada ku kifar mana da kwalekwalen. Ladidi, cire hannunki daga ruwa. Kun biyo motar makaranta tun daga gari don ku ga ayu a gandun dajin nan, ga shi hanci kawai kuka gani, kuna ta ɓata rai. To, ku saurari Baba Tanimu.

A da can, ayu ba a ruwa yake ba. Ƙafafu huɗu gare shi, yana kiwo a tudu kamar saniya. Ruwa kuwa tsoronsa yake ji, ko sha zai yi sai ya miƙa wuya daga nesa.

Maƙwabcinsa shi ne zalɓe, wancan tsuntsu mai dogayen ƙafafu da kuke gani tsaye a bakin tabki. A wata shekara wani kada ya kama matar zalɓe, ta bar masa ƙwai a sheƙa cikin doguwar ciyawar bakin ruwa. Shi kaɗai yake kwanci, ko abinci ba ya samun zuwa nema sosai.

Wata rana yunwa ta kori zalɓe ya tafi kamun kifi. Ayu ya biyo ta wurin, ya ga ciyawa koriya shar, ya sunkuyar da kai ya yi ta ci. Bai lura ba ashe ita ce ke riƙe da sheƙar. Da zalɓe ya dawo sai ya tarar da ƙwansa a fili, ba abin da ya kare su.

Ya ce, "Haba maƙwabci! Duk ciyawar duniyar nan ba ta ishe ka ba sai wadda ke tsare marayuna?"

Ayu ya ce, "Wallahi ban gani ba. Ka yi haƙuri."

Zalɓe ya ce, "Tafi! Kada in sake ganin fuskarka."

Ayu ya juya ya tafi.

Ba a daɗe ba aka tafka ruwan sama, tabki ya cika ya tumbatsa. Da yake babu ciyawar da za ta riƙe sheƙar, ruwa ya ɗauke ta ya nufi tsakiya da ita. Zalɓe na kanta yana kuka, ba zai iya ɗaukar ƙwai ba, ba zai iya barinsu ba. Sheƙa ta fara shan ruwa tana nutsewa.

Ayu na tudu yana kallo. Ya rufe ido ya faɗa ruwa. Ya sha ruwa, ya kusa halaka, amma ya lallaɓa ta ƙasa har ya sa bayansa ya tallabe sheƙar. Zalɓe ya ji ta tsaya cak, ya ce, "Alhamdulillahi, mun dace da dutse."

Ayu ya ci gaba da riƙe sheƙar. An ce kada a sake ganin fuskarsa, don haka in numfashi ya ƙare masa sai ya fito da hanci kaɗai ta bayan sheƙar, ya shaƙi iska ya koma. In yunwa ta dame shi sai ya ci ganyen da ruwa ya kawo kusa da bakinsa. Haka ya zauna har ƙwai suka ƙyanƙyashe, har 'ya'yan suka yi fiffike.

Ranar da ƙaraminsu ya tashi, zalɓe ya ga dutsen nan ya motsa. Ya duba da kyau, sai ga hanci.

Ya ce, "Maƙwabci, kai ne? Duk tsawon lokacin nan kai ne?"

Ayu ya ce daga ƙarƙashin ruwa, "Sun tashi duka?"

"Duka sun tashi. Fito mu koma tudu."

Ayu ya yunƙura zai hau gaɓa, ya kasa. Ƙafafun gaba sun baje kamar wannan filafilin da nake tuƙi da shi, na baya sun haɗe sun zama wutsiya. Zalɓe ya fashe da kuka, ya ce, "Na janye maganata. Don Allah ko fuskarka ce ka nuna mini."

Ayu ya ji kunyar yadda ya koma. Ya ce, "Bar shi, maƙwabci. Ka dai riƙa zuwa bakin ruwa, in na fito shan iska zan gan ka, ya ishe ni."

Shi ya sa har yau ayu yana cikin ruwa amma ciyawa yake ci, kuma hanci kawai yake fitarwa. Zalɓe kuwa kullum yana tsaye a bakin tabki ya zuba wa ruwa ido. Mutane suna cewa kifi yake jira. Ku yi shiru, ku dubi inda yake kallo. Ga hancin can ya fito.