Kwalaben Nonon Rayhana

Jama'a, kwana biyar ke nan wata damuwa ta hana ni sakat. Amma kafin in faɗa muku, ku ji labarin da ya sa na kasa yanke shawara.

Akwai wata mata a Gumel mai suna Mariyamu, sana'arta sayar da zoɓo da ƙanƙara. Wajen 1996 ne. Autarta Rayhana tana shekarar ƙarshe a wata kwaleji, tana koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje, irin masu leƙa jini da ruwa da abinci su gano abin da ido ba ya gani.

Aikin gamawa da aka ba Rayhana shi ne ta gwada nonon damina da na rani, ta ga bambancinsu. Tun ruwa na zuba take hawa mota zuwa kasuwar Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, ta sayo ɗan nono ta ɗura a ƙaramar kwalba, ta manna takarda, ta daskarar. Da firijin makaranta ya lalace, sai ta kwaso kwalaben gaba ɗaya ta jera a na uwarta.

Nan fa rikici ya soma.

"Auta, wai firijin nan nawa ne ko na gwamnati? Ina zan sa zoɓona?"

"Inna, ki ƙara haƙuri, sati uku ya rage."

"Haka kika ce wancan watan! Nono dai nono ne. Shekara uku ana boko, a ƙare da tara kindirmon Fulani a kwalba? 'Yar maƙwabcinmu Sajo da kuka shiga makaranta tare har allura take yi."

"Don Allah dai kada ki taɓa."

Wannan "kada ki taɓa" ita ta fi ƙona wa Mariyamu rai. Yarinyar da ta goya, yau ita ke kafa mata doka a kan kayanta! Kullum ta buɗe firij sai ta ja tsaki.

Wata Asabar Rayhana ta tafi makaranta. Da hantsi sai ga dangin mijin Mariyamu, Malam Gudaji, daga Gagarawa, mutum bakwai, babu sanarwa, rana kamar ta fasa kai. Akwai fura a gida, babu nono, mai tallan kuma ta riga ta wuce.

Mariyamu ta buɗe firij ta tsaya. Ga nono yana kallonta, ga baƙi a zaure. Ta ce a ranta, gobe in sayo mata sabo mai kyau, har ya fi wannan tsohon.

Ta kwaso kwalaben ta narkar da nonon, ta juye a ƙwarya ɗaya, ta dama fura. Da yake mace ce mai tsafta, ta jiƙa kwalaben ta kankare takardun tas, ta kife su a rana suna ƙyalli.

Da la'asar Rayhana ta dawo. Ta ga kwalabe a kife. Ba ta yi ihu ba, zama kawai ta yi a ƙasa.

"Ke kuma lafiya? Gobe zan cika miki su, ai ba gwal ba ne."

"Inna, rabinsu na damina ne."

"To?"

"Yanzu watan Maris muke. A ina zan samo damina?"

Sai a lokacin Mariyamu ta gane ba nono ta juye ba, wata bakwai na wahalar 'yarta ta dama wa baƙi.

Ranar Litinin ta yafa mayafi ta bi Rayhana har gaban malaminta. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ni za a hukunta. Ku rubuta mata ko yaya ne."

Malamin ya ce, "Baba, ki tashi. In na rubuta abin da ba a gwada ba, gobe jinin wani za a kawo mata ta rubuta abin da ba ta gwada ba. Sai dai ta jira ruwa ya sauka."

Haka aka yi. Ƙawayenta suka gama, aka ɗauki biyu aiki a asibiti, Rayhana na gida tana jiran hadari. Da damina ta kama, Mariyamu da kanta ta riƙa rungumar kular ƙanƙara a mota, kasuwa bayan kasuwa. Yarinya ta gama, ta samu aiki daga baya. Amma duk wanda ya tambayi dalilin jinkirin, uwar ce ke riga ta amsawa: "Ba ita ta faɗi ba. Ni na shayar da baƙi shekararta."

Darasi: Haihuwar yaro ba ta sa ka san duk abin da ya sani. Abin da ba ka gane ba, tambaya kafin ka sa hannu. Ku tura wa iyaye 'yan'uwana su karanta.

To ga tawa damuwar. Ɗana Ziyad irin wannan karatun yake. Ya ajiye wata roba a ɗaure a firijina ya tafi makaranta, wayarsa ba ta shiga, abin kuma ya fara wani irin wari, har maigida na cewa naman miya ma ya ɗauki warin. In zubar, ko in toshe hanci in jira shi? Don Allah ku ba ni shawara.